Na wanke tsofaffin kuɗin azurfar kakarmu da toka, wai ɓarna na yi? Kuma ta yaya ake gane darajarsu?

Ummu_Hanan:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Bayan rasuwar kakarmu aka raba kayan ɗakinta, a cikin rabon mahaifiyata akwai wata batta da ke can ƙasan adudu, ita kuma ta ba ni ajiya. Da na buɗe sai na ga tsofaffin kuɗi guda 19. Bakwai manya ne masu nauyi, gefe ɗaya hoton wata mata da lulluɓi, ɗaya gefen tsuntsu mai kai biyu, an rubuta 1780. Biyu daga cikin bakwai ɗin an yi musu kunne kamar na ratayawa a wuya. Tara ƙanana ne masu hoton sarki da bishiya, sai uku masu rubutun Larabci zalla. Duk sun yi baƙi, shi ne na ɗauki uku cikin manyan na dirje su da toka da lemon tsami, suka yi fari tas. Ƙanina da ya gani ya ce na yi ɓarna babba. Don Allah masu sani: da gaske wankewa na rage musu daraja? Kuma wannan na 1780 da gaske ya haura shekara 240?

Ɗan_Kurmi:
Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Kaka, Ya sa ta huta. Hajiya kafin komai, ki ajiye tokar nan, kada ki taɓa sauran goma sha shidan. Ƙaninki ya yi gaskiya.

Sarkin_Gwanjo:
1780! Hajiya ai kin yi tsintuwa. Abin da ya kai wannan shekarun Turawa miliyoyi suke zubawa a kansa. Kada ki yarda wani ɗan kasuwa ya ruɗe ki ki sayar da arha.

Malam_Lissafi:
@Sarkin_Gwanjo ɗan'uwa a yi hattara da irin wannan magana, kada a sa baiwar Allah ta sa rai a kan abin da babu. Wannan kuɗi shi ne iyayenmu ke kira liyari. Matar da ke jiki Mariya Tereza ce, sarauniyar Ostiriya, ta rasu a 1780. Bayan rasuwarta fatake a ƙasashen Larabawa da Habasha da nan Afirka ba su yarda da wani kuɗi kamar nata ba, sai aka ci gaba da buga shi ba tare da an canza shekarar ba. An buga a Biyana, an buga a Rum da Landan da Faris da Burusel da Bombai, musamman daga 1935 zuwa shekarun yaƙin duniya na biyu, kuma har gobe ma'aikatar buga kuɗi ta Ostiriya tana buga shi da 1780 ɗin nan. Jimillar waɗanda aka buga ta haura miliyan 300. Kenan na hannun Hajiya zai iya zama na zamanin Shehu Usmanu, zai iya zama na zamanin Sardauna, shekarar da ke jiki ba za ta raba gardama ba.

Sarkin_Gwanjo:
To Malam in haka ne ba shi da wani amfani kenan?

Malam_Lissafi:
A'a, ban ce haka ba. Azurfa ce ta gaske. Nauyinsa giram 28 da ɗigo kaɗan, kashi 833 cikin 1000 azurfa, saura jan ƙarfe. Wato kowane ɗaya yana ɗauke da kusan giram 23.4 na azurfa zalla. Wannan shi ne ƙasan farashinsa, ko da ya shafe sumul. Abin da ake ƙarawa a kan haka ya danganta da abu biyu: wane bugu ne, kuma yaya lafiyar jikinsa.

Ummu_Hanan:
Na gode Malam. To ni da ban san komai ba, ta ina zan gane ko nawa tsohon bugu ne?

Mai_Tara_Sulalla:
Hajiya barka da shigowa harkarmu. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina tara irin waɗannan. Samu gilashin ƙara girma, irin wanda masu gyaran agogo ke amfani da shi, mai ninka goma. Duba gefen tsuntsun, ki bi rubutun da ya kewaye shi har ki zo kan kalmar da ta fara da A bayan ARCHID. In kin ga AVST da harafin V, wannan shi ne bugun baya da ya cika duniya. In kin ga AUST da U, ki ajiye shi daban, ki turo mana hoto. Sai ki juya gefen matar, a kafaɗarta akwai wani ɗan maɓalli da ya riƙe mayafinta. A bugun baya an kewaye shi da ƙananan duwatsu kamar tsakiya, a yawancin tsofaffin bugun farko babu su. Bayan wannan akwai siffar alamar X da ke bayan shekarar, da yawan gashin jelar tsuntsun, da su masana ke bambance bugun gari da gari. Sannan ki duba baki, wato kaurin kuɗin, dole ki ga rubutu ya fito: IUSTITIA ET CLEMENTIA, ma'ana adalci da rangwame. Jabu da yawa a nan suke tonuwa, domin rubutun bakin nasu yakan fito a dagule ko kuma ki ga layin haɗi kamar na abin da aka zuba a kwami.

Ummu_Hanan:
Na duba duka bakwai, V ne. Maɓallin ma akwai duwatsun, amma a guda huɗu sun kusa shafewa.

Mai_Tara_Sulalla:
To bugun baya ne, kamar yadda nake tsammani. Kada ranki ya ɓaci, ni a cikin liyari sama da talatin da suka ratsa hannuna ban taɓa dacewa da mai U ba.

Bagobiri_Maradi:
Ni abin da ya ɗauki hankalina shi ne zancen duwatsun maɓallin nan. Kakana fatauci ya yi zuwa Agadas, kuma ya sha gaya muna cewa in aka miƙo maka liyari, da babban yatsa za ka shafa kafaɗar matar, in ba ka ji ƙurajen nan ba sai ka ce a canza maka ko a rage. Ashe tun da can mutanenmu suna da nasu ma'aunin daraja, ba sai da Bature ya zo da lambobi ba. Mu nan Nijar kuma har yau dala muke ce wa faran biyar, don tsohon faran biyar na Faransa babbar azurfa ce mai giram 25. Ina da guda biyu na 1873 masu hoton ƙato tsaye tsakanin mata biyu.

Yerwa_Boy:
Mu a Borno gursu muke ce masa. Tsofaffin mata har yanzu wasu na da shi a cikin kayan ado.

Malam_Lissafi:
Haka ne. Bature matafiyi Barth da ya shigo Kano a 1851 ya tarar ana canza irin wannan kuɗi ɗaya a kan wuri 2,500. Ku duba nauyin wuri dubu biyu da ɗari biyar a buhu, ku duba kuɗi ɗaya da zai shige aljihu, za ku gane dalilin da ya sa fatake suka riƙe shi da daraja.

Amina_Zazzau:
Ku yi haƙuri an bar tambayar farko a baya. Ni ma ina son in fahimta, me ya sa wankewa ta zama laifi? Ai ko kwanon silba in ya yi baƙi wanke shi ake yi. Ni a ganina abu mai ƙyalli ya fi kyau.

Mai_Tara_Sulalla:
Yaya Amina bari in yi bayani a hankali, don nan ne kowa ke faɗawa. Lokacin da ake buga kuɗi, ƙarfen yana malala ne a ƙarƙashin matsi mai tsanani, sai ya bar wasu siraran layuka a fuskar da ido ba ya gani. Su ne ke sa in kin juya sabon kuɗi a gaban fitila ki ga haske na zagayawa kamar ƙafar keke. Wannan fatar ba ta da kauri ko kaɗan, kuma in ta tafi ta tafi ke nan, babu maƙerin da zai dawo da ita. Toka tana da ƙasa-ƙasa, tana kankare fatar ta bar dubban karce. Lemon tsami da tsamiya kuma suna cin saman ƙarfen. Sakamakon shi ne fari mai ƙyalli amma matacce, wanda duk mai harkar zai gane daga nesa. Shi kuwa baƙin da kika gani ba datti ba ne. Azurfa ce ta haɗu da sinadarin farar wuta da ke cikin iska, a hankali cikin shekaru ta canza launi, wani ruwan zuma, wani shuɗi-shuɗi, wani toka-toka. Masu saye suna son wannan launi domin shaida ce cewa ba a taɓa kuɗin ba.

Amma Hajiya Ummu Hanan, gaskiya ita ce asararki ba ta da yawa. Tunda bugun baya ne kuma dama sun sha hannu, farashinsu na kusa da na nauyin azurfarsu, wanke ko ba wanke. Da a ce sabo dal ne, ko wani bugu mai wuyar samu, da an yi kuka.

Ummu_Hanan:
Alhamdu lillahi, wallahi tun jiya hankalina bai kwanta ba. Ba don kuɗin ba, don abin Kaka ne.

Maƙerin_Fari:
Ni sana'ata ce ƙirar azurfa, gado na yi. Ina karanta ku ina jinjina kai. Mahaifina ya narkar da liyari da sulalla ba adadi, ya yi awarwaro da zobba da 'yan kunne da kayan doki. A lokacin ba wanda yake kallonsu a matsayin tarihi, azurfa ce mai kyau da aka san awonta, shi ke nan. Har yanzu akan kawo mini, kuma in faɗa muku gaskiya ni da sikeli nake saye. Amma tun da wani yaro ya nuna mini bambancin, in na ga mai kyau sosai ba na sa shi a wuta, ina ajiyewa. Shawarata ga Hajiya: in za ki kai wa maƙeri ya gwada miki, kada ki bari ya goga a dutse ko ya ɗiga ruwan gwaji, ko ya sa zarto a baki. Mu haka muka saba gwadawa, kuma yana barin tabo.

Ɗan_Kurmi:
Baba Maƙeri Allah Ya ƙara girma, wannan gaskiya ce da ba kowa zai faɗa ba. Ga hanyoyin da ba sa lahani. Na farko maganaɗisu, azurfa ba ta kama shi, in ya manne to ƙarfe ne aka shafa wa ruwa. Sai dai rashin mannewa bai isa shaida ba, don tagulla ma ba ta kamawa. Na biyu sikelin masu zinariya, liyari ya ba ki giram 28 ko ƙasa da haka kaɗan in ya shafe. Na uku amo: ɗora shi a kan yatsa ki ɗan taɓa shi da fensir, azurfa tana yin ƙara siririya mai tsawo, jabu yana yin ƙwas ya mutu. Ni an taɓa sayar mini da guda biyar a hanya, na ga arha na yi sauri, da na zo gida na auna kowanne giram 22. Tun ranar ba na fita sai da ɗan sikelina a aljihu.

Malam_Lissafi:
In ƙara da gwajin ruwa, shi ya fi kama jabu mai cikakken nauyi. Ɗora kofi da ruwa a kan sikeli, mayar da shi sifili. Ɗaure kuɗin da zare ki nutsar da shi cikin ruwan ba tare da ya taɓa gindi ko gefe ba, ki rubuta abin da sikelin ya nuna. Sai ki raba nauyin kuɗin da wannan lamba. Liyari na gaske zai nuna wajen giram 2.75 a ruwa, amsar rabawar ta fito kusan 10.2. In kin sami 8 da wani abu, tagulla ce ko farin ƙarfe. Bayan kin gama ki tsane shi da tsumma mai laushi, dannawa kawai, ban da gogawa.

Zango_Kumasi:
Gaisuwa daga Kumasi. Ba wanda ya yi maganar ƙananan tara ɗin. Masu sarki da bishiya ai kuɗinmu ne na tare, mu da ku da Saliyo da Gambiya, na hukumar kuɗin Afirka ta Yamma da Ingila ta kafa a 1912. Hajiya ki karanto mana shekarun.

Ummu_Hanan:
Akwai 1913 guda uku, 1916, 1917, 1919 guda biyu, sai 1938 da 1947. Waɗannan biyun na ƙarshe launinsu ya yi ja-ja.

Zango_Kumasi:
To bakwai na farko azurfa ce mai kyau, 925 cikin 1000, ta ma fi ta liyari tsabta. Sarkin shi ne Joji na biyar na Ingila, bishiyar kuma kwakwar manja. Sule yana da giram 5.6 da ɗoriya, fataka ninkinsa. Bayan yaƙin duniya na farko azurfa ta yi tsada ƙwarai, a 1920 aka sauya, daga nan sule ya koma tagulla mai ruwan ɗorawa. Don haka na 1938 da 1947 babu azurfa a ciki. Ki duba kuma ko za ki ga ƙaramin harafin H a gefen bishiyar, alama ce ta ma'aikatar Heaton da ke Bamingam. Mu masu tarawa muna neman kowace shekara da harafi da kuma babu harafi. Ni abin da na fi so a tarina shi ne sule goma na Ghana na 1958 mai hoton Nkrumah, azurfa ce babba.

Baba_Na_Fagge:
Kun tuna mini da ƙuruciya. Anini, ɗari, kwabo, taro, sisi, nai, sule, fataka. Mu dai mun tarar da jan sule, farin sule sai a wajen tsofaffi, kuma ba sa kashe shi, a tukunya suke binnewa. Da naira ta zo a 1973 mutane da yawa sun kai nasu canji, wasu kuma suka bar su a ɗaka har suka rasu.

Ɗan_Takari:
Masu Larabcin nan uku ina kyautata zaton riyal ɗin Saudiyya ne, tsarabar aikin hajji. Hajiya duba ko akwai sunan Sarki Abdul'aziz da takubba biyu da dabino, da shekarar hijira kamar 1354 ko 1367 ko 1370. In su ne, nauyinsu giram 11.6, azurfa 917. Mu nan Sudan iyalan da kakanninsu suka zo ta ƙasa a hanyar Makka kusan kowane gida za ka sami irinsu.

Ummu_Hanan:
Su ne kuwa, 1354 biyu da 1370 ɗaya. Kaka ta yi hajji tun kafin a haifi mahaifiyata. Allahu Akbar.

Injiniya_Sadiq:
Mu dawo kan auna daraja, don shi ne rabin tambayar. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa yanzu daga 1 ne zuwa 70. Wani Ba'amurke William Sheldon ya fito da shi a 1949, asali don tsofaffin kwabban Amurka, daga baya aka shimfiɗa shi a kan kowane kuɗi. Maki 1 shi ne wanda da ƙyar za a gane ko mene ne. Wajen 4 zuwa 8 hoton ya shafe amma rubutu na karantuwa. 12 zuwa 35 ya sha hannu amma gashi da ninkin tufafi sun fito, gwargwado. 40 zuwa 45 wuraren da suka fi tudu ne kawai suka ɗan goge. 50 zuwa 58 kamar sabo, sai an duba da kyau. Daga 60 zuwa 70 kuwa bai taɓa shiga kasuwa ba. Kamfanoni biyu ne suka fi suna, PCGS da aka kafa a 1986 da NGC a 1987. Ka tura musu, su tabbatar ba jabu ba ne, su ba shi maki, su rufe shi a roba mai tauri da lamba. Wanda aka wanke, ko aka huda, ko aka yi wa walda, ba sa ba shi maki, sai su rubuta aibinsa a jiki.

Sarkin_Gwanjo:
To ai sai ta tura musu ta huta.

Injiniya_Sadiq:
Bai dace ba a nan. Kuɗin aikinsu da na aikawa da inshora zai fi ƙimar kuɗin kansa. Ana tura wanda ake zaton mai wuyar samu ne ko sabo dal. Irin na Hajiya mutum ya koyi aunawa da idonsa. A liyari ki fara duban gashin da ke saman kunne, da kambin goshi, da maɓallin kafaɗa, a baya kuma kan tsuntsun da ƙaramar garkuwar tsakiya. A sulen Joji ki duba kambin kansa da gemu. Yadda kika kwatanta huɗun nan, ina ganin ba za su wuce 12 zuwa 20 ba.

Bagobiri_Maradi:
Nan ne ni ban gamsu ba. Wato guda biyun da aka yi wa kunne, waɗanda Kaka ta rataya a wuyanta wataƙila tun ranar aurenta, su ne marasa daraja a wannan ma'auni, wanda kuma ya kwana a ɗakin ajiyar banki a Turai bai taɓa ganin rana ba shi ne mai 65? Ni a wurina mai kunnen nan ya fi ba da labari. Wa ya ƙera kunnen, a wane gari, da wace irin walda, duk abin bincike ne.

Injiniya_Sadiq:
Malam Bagobiri ma'aunin ba labari yake aunawa ba, yawan abin da ya rage daga bugun asali yake aunawa, don mai saye a Landan da mai sayarwa a Kano su fahimci juna ba tare da sun haɗu ba. In aka sa labari a ciki kowa zai ƙirƙiro nasa.

Maƙerin_Fari:
Ni ina bayan Bagobiri. In na ga kunne zan iya gaya muku ko aikin Buzaye ne ko na maƙeranmu na nan. Hajiya ki turo hoton kunnuwan kusa-kusa. Kuma don Allah kada wani ya ce ki cire su.

Mai_Tara_Sulalla:
A kan cirewa kam duk mun haɗu, in aka cire tabon walda zai zauna, an yi asarar biyu. Ni ina da faranti biyu a akwatina, ɗaya na masu maki, ɗaya na masu huji da kunne, kuma in baƙi suka zo na biyun suka fi daɗewa a kai.

Abu_Maryam:
Tambaya ta gefe ga malamai: akwai zakka a kan irin wannan tari?

Almajirin_Malam:
Azurfa ce, hukuncinta na azurfa. Nisabi dirhami 200 ne, wajen giram 595, in shekara ta zagayo a fitar da ɗaya cikin arba'in. Da lissafin Malam_Lissafi sai an tara liyari 26 kafin a kai. Na Hajiya duka bai kai rabin nisabi ba, sai dai in an haɗa da wata dukiyar. Abin da na fi so masu wannan harka su kula da shi shi ne musanya: azurfa da azurfa sai nauyi ya zo daidai kuma hannu da hannu. Wanda zai ba da liyari uku shafaffu ya karɓi ɗaya mai kyau, ya tsaya ya tambayi malaminsa tukuna.

Mai_Tara_Sulalla:
Wannan ta taɓa ni kai tsaye, don mun saba yin irin wannan musanyar tsakaninmu. Zan kai tambayar majalisin ranar Asabar in sha Allahu.

Amina_Zazzau:
To ajiya fa? A mayar da su cikin battar?

Ɗan_Kurmi:
Kada a haɗa su wuri ɗaya suna gogar juna. Kowanne da gidansa, ko ƙaramin kwali mai taga ko 'yar roba mai tauri. A guji leda mai laushi mai warin sabon takalmin roba, tana fitar da wani kore-kore mai danƙo da ke cin ƙarfe, musamman da zafinmu. A guji ɗaure su da kyauro, yana barin baƙin layi. A riƙa kamawa ta baki, ban da dangwala yatsa a fuska. Da damina a sa ɗan ƙunshin nan mai shan laima da ake samu a kwalin takalmi.

Ummu_Hanan:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa. Na nuna wa mahaifiyata duk abin da kuka rubuta, ta ce masu kunnen tana tuna su a wuyan Kaka, da wani jan dutse a tsakaninsu, kuma ba za a sayar da ko ɗaya ba. Baba Maƙeri ga hoton nan na turo. Ukun da na wanke kuma, akwai abin da zan yi su koma yadda suke?

Sarkin_Gwanjo:
Na ji ana sa su a leda da dafaffen ƙwai, nan da nan su yi baƙi.

Mai_Tara_Sulalla:
Kada ki yi, Hajiya. Launin ƙwai dabbare-dabbare yake fitowa, kuma karcen na nan a ƙarƙashi. Ki sa kowanne a ambulan na takarda ki ajiye a aljihun tebur, cikin 'yan shekaru zai fara yin launi da kansa.

Maƙerin_Fari:
Na ga hoton. Na dama aikin gida ne, waya aka lanƙwasa aka liƙa. Na hagu kuwa kunnen mai faɗi ne da zane layi uku, irin wannan hannun na fi ganinsa a kayan da ke zuwa daga wajen Agadas. Hajiya tambayi Mama ko Kaka tana da dangi a can, ko kuma mijinta ya yi fatauci arewa.